Mita Uku

Ni da na girma ina ƙirga jarka,
ina musu da mai garuwa kan canjin naira goma,
yau ga ni ranar Talata da hantsi a Bompai,
bakin kwamin wankan wani otal,
tulun iska biyu a gadon baya,
dalma a ƙugu, nauyin buhun gero,
wai in shiga in koyi zama babu nauyi.

Sallau ne malamin, Basarke daga Yawuri.
Shekara goma sha ɗaya ya yi a Fatakwal
yana walda a ƙarƙashin teku,
can ya baro kunnensa na hagu.
Ba ya ɗaga murya. A ruwa ina muryar take?
Yatsa kawai: nan.
Mita uku. Kar ka hau, kar ka sauka.

Na ɗauka wasa ne.
Na ja numfashi, shiru, ba labari,
can sai na ji ina tashi kamar kullun fanke.
Na fesar da sauri, na yi ƙasa,
gwiwa ta daki tayil.
Ashe ruwa ba ya amsawa nan take,
dattijo ne da ka gaisar a zaure,
sai ya kai ƙarshen carbinsa.

Sati na biyu ya zo da faranti cike da laka
(manajan otal bai sani ba),
ya aje a ƙasa, ya ce in wuce ta kai.
Shurin kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa sama.
Na wuce. Na waiwaya.
Hadari ya haɗu a bayana.
Da muka fito ya ce, "A gindin dam wannan ita ce makanta.
Talle na biye da kai, ka kashe masa fitila."

Sai murɗa famfo a bayan ƙeya,
inda hannu ba ya kaiwa ko don susa:
rufe na dama, sauya abin baki, buɗe, koma hagu.
Sai cire tabarau, ruwa a hanci, ido a rufe,
ka miƙa wa Talle iskarka,
duk kana rataye
ba igiya.

Mu 'yan kwana-kwana, da damina ba wuta ke kiranmu ba.
Waya ce: yaro a kududdufi.
Bara a bayan Kurna na shiga
da igiya a ƙugu da ƙarfin hali, shi ke nan guzurina.
Leda, tsohuwar taya, kwalba,
ƙafata ta dama lakar da hannuna ke lalube.
Uwar na gaɓa riƙe da silifas ɗinsa, ɗaya.
Sai washegari ya taso da kansa.
Ban gaya wa Sallau ba.
Ina jin ya gani a yadda nake shuri.

Sati na biyar, ban san me na daina yi ba.
Kafaɗa ta saki. Hannu ya naɗe a ƙirji.
Agogon zurfi ya ce uku.
Na sha iska rabin ƙirji, na jira dattijo.
Uku da ɗigo ɗaya.
Na saki kaɗan.
Uku.
Rana na saƙa a ƙasan kwami,
farantin laka kwance, ko gezau,
inuwata a kansa kamar shirwa ta daina kaɗa fiffike.
Minti shida. Sallau ya haɗa babban yatsa da manuni,
ya juya wajen Talle, wanda ƙafarsa ke sama.

A matakala nauyi ya karɓi kayansa, kilo bayan kilo.

Da la'asar, a cunkoson Ƙofar Ruwa,
mai adaidaita na zagin mai tifa,
na kama kaina ina numfashi rabin ƙirji,
ina jira.
A ƙofar gida na sayi jarka biyu.
Ban nemi canji ba.